Kowace kalma da muhallinta: ɗan daudu, mata-maza da sauransu

Akwai kalmomin da Bahaushe yake jin nauyin faɗa, amma tafinta a gaban alƙali, da ma'aikacin gidan likita, da mai fassara labarai a rediyo, tilas ne su san su daki-daki. Kalma ɗaya idan aka aza ta inda ba muhallinta ba, tana iya zubar da mutuncin bawan Allah har iyakar rayuwarsa.

Hausa ta raba wannan al'amari gida uku. Na farko shi ne aiki. Luwaɗi, wanda aka samo daga sunan Annabi Luɗu saboda labarin mutanensa, shi ne saduwar namiji da namiji. Maɗigo kuwa tsakanin mace da mace ne.

Na biyu shi ne ɗabi'a. Ɗan daudu namiji ne mai kwaikwayon mata a magana, da tafiya, da ɗaurin zane, da sana'ar tuwo da suyar kaji a tasha ko kasuwa, kamar yadda aka sani daga Maraɗi da Damagaram har Kano. Masana suna danganta sunan da Ɗan Galadima na cikin iskokin bori. Wani masani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda littafinsa a kan ƴan daudun Kano ya fito a 2009, ya nuna cewa da yawansu suna da mata da ƴaƴa. Ashe daudu dabam, luwaɗi dabam.

Na uku shi ne halitta. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da jikin da bai fayyace namiji ne ko mace ba. Malamai suna kiransa hunsa, kuma fiƙihun Malikiyya ya yanka masa gado: idan lamarinsa ya rikitar, a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Wannan ba zaɓi ba ne, ba kuma laifi ba ne. Yaron da aka haifa haka likita yake bukata da rufin asiri, ba gori ba.

Kalmomin Turawa kuwa da wata hanya suka zo. Kalmar "homosexuel" ta faransanci asalinta daga wani marubucin ƙasar Hangari ne, Kertbeny, wanda ya buga ta da Jamusanci a 1869, kuma tana nufin inda sha'awar mutum ta karkata, ko ya aikata ko bai aikata ba. "Transgenre" shi ne wanda yake jin jinsinsa ya saɓa da wanda aka rubuta masa ran haihuwa. Haruffan LGBT sun tattara masu sha'awar jinsinsu mata da maza, da masu sha'awar jinsi biyu, da waɗannan na ƙarshe. A 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtukan taɓin hankali.

Abin ba wasa ba ne, domin a Nijeriya dokar 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Tafintan da ya fassara "ɗan daudu" da "homosexuel" ya ɗora wa mutum abin da ba a shaida ba. Magana zarar bunu ce, ƴan uwa; a auna ta kafin a furta.