Kabari a Filin Gado: Matsayinsa Tsakanin Dokar Gargajiya da Fiƙihun Malikiyya a Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta yi bayani kan saɓanin da ke tasowa idan magada suka yi tarayya a filin da aka binne iyayensu. Ta nuna cewa tushen rikicin shi ne ɗaukar kabari da filin da ke kewaye da shi a matsayin abu guda, alhali kowanne da hukuncinsa.

1.0 Gabatarwa

A yawancin garuruwan Hausa, maƙabarta ta jama'a ce, kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora kafa maƙabartu da kula da su a kan ƙananan hukumomi. Duk da haka, akwai gidajen sarauta da na malamai da ke binne nasu a keɓantaccen wuri, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato da gidan Nasarawa a Kano. A ƙauyuka ma akan tarar da kaburburan kakanni a gefen gonar gado. Muddin gona tana daji, ba a cika jin kan magada ba. Da zarar gari ya cim mata, filoti ya yi daraja, sai wani ya nemi a sayar a raba, wani ya ce ba za a sayar da makwancin mahaifinsa ba.

2.0 Dokar Gargajiya

A kudancin Nijeriya, musamman ƙasar Yarbawa inda binne dattijo a cikin gida tsohuwar al'ada ce, filin dangi na dangi ne gaba ɗaya, babban gida kuwa mai riƙo ne kawai. Shari'ar Ekpendu da Erika ta 1959 ta fayyace ƙa'idar sayarwa: idan babban gida ya sayar a madadin dangi ba tare da yardar manyansu ba, suna iya neman kotu ta warware cinikin, idan kuma wasu 'yan dangi suka sayar ba da saninsa ba, cinikin ɓatacce ne tun asali.

Kabari kan shigo shari'a ta wata ƙofar, wato a matsayin hujja. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta jero hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar fili, ciki har da ayyukan mallaka da aka daɗe ana yi a kansa. Binne mamata na iya shiga wannan rukuni, amma ba ya yanke gardama shi kaɗai, domin ana iya binne mutum a filin wani bisa izini.

3.0 Fiƙihun Malikiyya

Muhtasar na Halil, wanda alƙalan Arewa ke dogaro da shi, ya ɗauki kabari a matsayin hubusi ga wanda ke cikinsa. Ba a tone shi matuƙar akwai sauran mamacin, sai a 'yan wurare da aka togace, kamar a binne mutum a filin wani ba da yardarsa ba. Ma'anar wannan ita ce gurbin kabarin ya fita daga abin da za a raba ko a yi amfani da shi.

Sauran filin kuwa hukuncinsa ya danganta da abin da mai shi ya yi. Idan ya mayar da shi waƙafi don binne zuriyarsa, ya fita daga gado, babu magajin da zai sayar da taƙi ɗaya. Idan bai yi ba, filin gado ne, kowa da rabonsa. Wanda ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin da mai saye ya bayar su karɓi kason. Matsalar ita ce yawancin irin wannan waƙafi da baki aka yi shi, shaidun kuma sun riga mu gidan gaskiya.

4.0 Hurumin Kotu

Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan waƙafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Sai dai a shari'ar Magaji da Matari ta 2000, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan hurumi bai shafi jayayya kan mallakar fili zalla ba. Saboda haka, idan magada ne ke jayayya kan ko kakansu ya yi waƙafi, ɗaukaka ƙara tana zuwa kotun Shari'a. Idan kuwa takaddamar tsakanin dangi ce da wanda ya saya, sai Babbar Kotun Jiha. Kuskure a nan kan rushe shari'ar da aka shafe shekaru ana yi, a koma farko.

5.0 Kammalawa

Tambayoyi uku ne ke warware irin wannan rikici: ina iyakar kaburburan, mene ne matsayin sauran filin, kuma wace kotu ce ke da hurumi. Dangin da suka rubuta waƙafinsu a gaban alƙali, suka sa aka auna wurin aka killace shi tun dattawa suna raye, sun amsa biyun farko kafin a kai ga ta uku.