Ɗige-ɗigen da Suka Ƙi Wankuwa

Yaron da ke wanke mini mota ne ya fara lura. Ranar wata Asabar ce cikin Janairu, hunturu ya kankama, ya gama ɗauraye ta yana bin ta da tsumma, sai ya kira ni: "Malam, zo ka taɓa nan." Na ɗora tafin hannu a kan bonet. Ido bai ga komai ba sai ƙyalli, amma hannu ya ji kaushi, kamar an barbaɗa lallausan rairayi ya manne. Da muka zagaya ɓangaren direba, inda baƙar roba take, sai abin ya fito fili: ɗige-ɗige ne ƙanana masu ruwan toka, ba su kai kan allura ba, sun cika bayan madubin gefe, da robar ƙarƙashin waifa, da gefen bamba. Fitilar gaba ta wannan ɓangaren ta yi hazo-hazo. Ya sake sa omo ya dirza, ko gezau.

Zuciyata ba ta yi nisa ba wajen neman mai laifi. Maƙwabcina yana shirin aurar da 'yarsa, kwana huɗu ke nan masu fenti suna aiki a katangarsa, ni kuma a gindin katangar nake ajiye mota. Washegari da muka fito daga sallar Asuba na tare shi na ce, "Alhaji, masu fentinka sun ɓata mini mota." Bai yi musu ba. Ya ce, "Subhanallahi. Ka yi haƙuri, Malam. A gyara, ko nawa ne zan biya." Shekara goma sha ɗaya muna zaune lafiya, ranar ce na fara ganin ya sunkuyar da kai a gabana.

Ranar Litinin na kai ta gareji. Ogan wurin ba ya nan, sai wani yaronsa mai kuzari ya ce aikin minti biyar ne. Ya tsiyaya tina a tsumma, ya goga a gefen bamba, inda robar take baƙa ba fenti. Ɗige-ɗigen suka tafi nan take, sai dai wurin ya ɗan yi fari-fari. Na ji daɗi. Ya ƙara tina ya kai hannu bayan madubi. A nan tsumman ya cije. Da ya fizge shi, baƙi ne ya biyo shi kamar kwalta, zanen zaren tsumman kuma ya zauna daram a jikin robar, ta yi laushi tana danƙo. Yana juyawa zai nufi fitila na riƙe hannunsa. Garin neman gira saura ƙiris a rasa ido.

Na bar garejin da tambaya biyu maimakon ɗaya. Daga ina fentin ya zo? Kuma me ya sa ruwa ɗaya, a tsumma ɗaya, ya ƙyale bamba ya cinye madubi, alhali duka roba ce?

Wani abokin aikina ya yi mini kwatancen wani dattijo mai fentin mota, wanda ya koyi sana'a tun zamanin da Peugeot 504 ke fitowa sabuwa daga Kaduna. Na same shi ranar Talata da hantsi. Na fara ba shi labarin maƙwabci, ya ɗaga mini hannu.

"Bari tukuna, ɗana. Shigar da ita inuwa ta huce. Motar za ta faɗa mana da bakinta."

Da jikinta ya yi sanyi, sai ya zura hannunsa cikin farar leda marar kauri, irin ta ƙulla sukari, ya shiga shafa motar a hankali. Ya ce leda tana ƙara wa yatsa ji, abin da fata za ta tsallake ita sai ta kama shi. Ya ba ni na gwada. Rufin mota yana ƙaras-ƙaras. Bonet haka, ƙofofin ɓangaren direba haka. Da na zagaya ɗaya ɓangaren, sumul kamar tangaran. Can ƙasa kusa da tayoyi ma kusan babu komai.

Ya ce wannan ya fitar da fentin titi daga lissafi. Wanda ya taka sabon layin da aka zana a kwalta, taya ce ke watso masa fentin, don haka a ƙasa ake ganinsa, bayan tayoyi, a jaye kamar wutsiya, ba ya hawa rufi. Wannan kuwa daga sama ya sauka, kuma daga gefe guda.

"In ka ajiye ta a gida, wane ɓangare ne ke kallon katangar maƙwabcin naka?"

Na yi shiru ina tunani. Kullum da gaba nake shiga lungun, katangar tana hannun dama. Ɓangaren da ke kallonta shi ne wanda babu ko ɗigo.

Bai ce komai a kan wannan ba. Ya aiki yaronsa kemis ya sayo sipirit da auduga, ya kuma ɗebo kananzir a murfin gwangwani. Duk gwajin da zai yi, a gilashin ƙofa ya yi shi, domin gilashi ba ruwansa da waɗannan abubuwa. Ya jiƙa auduga da sipirit ya manna, ya jira kamar minti biyu, ya murza. Ɗige-ɗigen suna nan. Ya ce fentin ruwa, irin wanda ake shafa wa bango, ko ya bushe sipirit yana sa shi ya yi laushi ya murmushe. Tun da wannan bai motsa ba, ba fentin bango ba ne. Ya ƙara da cewa masu fentin gida da rola suke aiki, rola kuwa a kusa da ita take zubar da ɗigonta. Sai ya jiƙa wata audugar da kananzir ya manna a wani wurin, ya ce a ba ta lokaci.

Kafin nan ya ja ni bayan rumfarsa, inda ya tara karyayyun kayan mota. Ya ɗauko guntun bamba, da fasasshiyar ragar gaba, da tsohuwar fitila. Ya kife kowanne ya nuna mini cikinsa. Ashe a jikin kowanne akwai haruffa da aka buga tun daga masana'anta, tsakanin wasu alamomi biyu masu kama da kan kibiya. A bamba an rubuta PP. A ragar an rubuta ABS. A fitilar an rubuta PC. Shekara nawa ina tuƙi ban taɓa sanin da su ba.

Ya ɗiga tina a kan kowanne. A kan bamba ta tsaya kamar ruwa har ta bushe, ta bar ɗan tabo. A kan ragar, kafin a ƙirga ashirin farcensa ya nutse. A kan fitilar wurin ya yi fari kamar an shafa koko, da ya ɗan lanƙwasa ta sai ga ƙananan tsage-tsage sun bazu.

A nan na gane inda matsalar take, kuma ina ganin har da bakinmu a ciki. Mu kalma ɗaya muke da ita. Bokiti roba, taya roba, takalmi roba, fitilar mota roba. Su kuwa masu ƙera motar kowane wuri da irin da suke zaɓa masa. Bamba ana son ta lanƙwashe ta dawo, shi ya sa ake yin ta da folifurofilin, wato PP ɗin nan, sau da yawa a gauraya shi da wani abu mai talewa, kuma yana da juriyar sinadarai sosai. ABS ya fi tauri da kyan fuska, yana karɓar fenti da ado, don haka ake yin raga da murfin madubi da shi, amma tina da asiton, wato ruwan goge jan farce, suna narkar da shi. Fitilar gaba folikabonet ce, ba ta fashewa da sauƙi kamar gilashi, sai dai an lulluɓe ta da wani siririn rufi mai kare ta daga rana. In sinadari ko samfefa ya ci wannan rufin, fitilar za ta riƙa yin ɗorawa tana dushewa har ta daina haska hanya yadda ya kamata. Wannan kuwa ya wuce maganar kwalliya, maganar ran mai tafiyar dare ce.

Baba, wato dattijon nan, ya ce ba ya ganin laifin yaron garejin sosai. A zamanin 504 bamba ƙarfe ce mai ƙyalli, fitila gilashi ce, ko da tina ka wanke su babu abin da zai same su. Hannu ya saba, iyayen gida suka koya wa yara, mota ta canza, dabara ba ta canza ba. Ya ce ya sha ganin wanda ya shafa man birki don ya cire ɗigon fenti, man ya ɗaga ɗigon ya haɗa da fentin motar na asali. Fetur kuwa, ban da ɓarnar da yake wa roba, ga haɗarin gobara a wurin da ake walda da shan taba.

Muka koma wajen audugar kananzir. Ya ɗaga ta, ya tura farce, sai ɗige-ɗigen suka zame. Ya gyaɗa kai. Fentin mai ne, kuma bai gama ƙanƙamewa ba. Irin wannan fenti yana shan iska cikin sa'o'i har a taɓa shi, amma sai ya yi makonni kafin ya yi taurin gaske. Ya ce da na bar shi wata biyu, da kananzir bai isa ba. A ƙiyasinsa bai wuce mako ɗaya zuwa biyu a jikin motar ba.

Saura abu ɗaya. Ya jiƙa gilashin gaba da ruwan sabulu, ya kwantar da sabuwar reza ya kankaro, yana gargaɗina cewa reza ta gilashi ce kaɗai, kada ta kusanci roba ko fenti. Ya share abin da ya taru a kan farar takarda ya miƙo mini a rana. Garin ruwan toka ne mai ɗan walƙiya, amma a cikinsa akwai ja-ja, launin jar ƙasa.

"Ka san wannan jan?"

Na san shi. Shi ne fentin farko da ake yi wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa.

"To, ƙarfe aka fesa. Ƙofa, ko taga, ko tankin ruwa. An yi jan, aka bi shi da ruwan azurfa, da injin feshi, a fili, iska tana kaɗawa. Ina ka ajiye motar nan makon jiya, ka daɗe?"

Sai lokacin na tuna. Gwaggona ta kwanta rashin lafiya, daga Talata zuwa Alhamis kullum ina gidanta daga azahar har magariba. Lungunsu mota ba ta shiga, don haka a bakin titi nake barin ta, jikin wani dogon shingen kwano. Ban taɓa leƙa abin da ke bayansa ba. Ƙurar hunturu kuma ta rufe motar, shi ya sa ba a ga komai ba sai da aka wanke.

Aikin cirewar ya ci yinin nan duka, kuma yawancinsa jira ne. A kan baƙar roba mai gurji-gurji, Baba ya fara gwada kananzir a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Da ya ga launi bai canza ba, sai ya riƙa jiƙa ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu, ya jira mintuna kaɗan, ya bi shi da tsohon burushin haƙori yana zagayawa, nan da nan ya wanke da ruwan sabulu kafin ya matsa gaba. Ya hana kananzir taɓa robar bakin ƙofa da ta gilashi, domin irin wannan tana shan mai ta kumbura. Fitila kuwa ko kananzir bai yarda ya kai mata ba. Ya fito da wani curi mai kama da cingam, yumɓun goge mota da ake shigowa da shi daga waje, ya feshe fitilar da ruwan sabulu, ya riƙa zamar da shi a kai ba tare da dannawa ba. Da farko ana jin ƙaras-ƙaras, can sai shiru. In fuskar curin ta yi datti sai ya ninke ta ciki ya fito da sabuwa. Ya ce in ya faɗi ƙasa an gama da shi, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zane mota. Da shi aka bi rufi da bonet da ƙofofi, sannan aka shafa man ƙyalli. Murfin madubi dai ba shi da magani. Sai da na je kasuwar Ƙofar Ruwa na samo na hannu, na kife shi kafin in biya, na ga haruffa ukun nan a ciki.

Ranar Laraba na koma unguwar gwaggo, na zagaya bayan shingen. Masu walda ne. Ƙofofin gida guda shida a jingine, uku ja, uku ruwan azurfa, ga kwamfuresa tana ta bugawa. Ƙasar wurin ta rine, haka ganyen wata bishiyar darbejiya da ke kudu maso yamma da su, ta inda iskar hunturu ke bi in ta taso daga arewa maso gabas. Daidai ƙarƙashinta nake tsayawa. Na yi wa mai wurin bayani, na nuna masa takardar da Baba ya naɗe mini. Ya ce wallahi bai san feshin yana tsallake shinge ba. Yaran da ke riƙe da bindigar feshin ko ƙyalle babu a hancinsu, na faɗa masa wannan ya fi motata damuna. Ya yi alkawarin zai ɗaura tamfol ta wannan gefen ya kuma saya musu abin rufe hanci.

Da magariba na jira Alhaji a ƙofar masallaci. Yana ganina ya sa hannu a aljihu yana tambayar nawa aka kashe. Na riƙe hannun nasa na ce, "Alhaji, ba daga gidanka ba ne. Na zarge ka ban bincika ba, ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Malam, ya wuce. To daga ina ne?"

Na warware takardar a ƙarƙashin fitilar masallaci na nuna masa jan.