Yadda Lambun Ɗalibai Zai Ɗore a Harabar Kwaleji

Noma a makarantu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, an ƙarfafa wa makarantu gwiwa su buɗe gonaki. Sai dai kafa lambu bai kai riƙe shi wuya ba. Abubuwa biyu ne suka fi kashe lambun ɗalibai: dogon hutu, da yaye waɗanda suka fara aikin.

Saboda haka, tun kafin a kai fartanya ƙasa, wajibi ne a kafa kwamiti mai wakili daga kowane aji, tare da malami guda mai ba da shawara. A tanadi littafin da za a riƙa rubuta ranar shuka, irin da aka shuka, kuɗin da aka kashe da cinikin da aka yi. Idan 'yan ajin ƙarshe suka tafi, littafin ne zai zama jagora ga na baya.

A zaɓi fili kusa da rijiya ko tankin ruwa, a killace shi saboda awaki. Salak da kabeji da karas da tumatir sun fi yin kyau da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alayyafo kuwa yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, don haka ya dace da zangon karatu ɗaya. Sauran abinci daga ɗakin girki, da busasshen ganye da kashin dabbobi, idan aka tara su a rami ana juyawa, sukan zama taki cikin kimanin wata uku.

Kada a cika lambu da amfani iri ɗaya. A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta ta yi wa gonakin tumatir mummunar ɓarna a jihohin Kano da Kaduna. Sauya amfani daga fangali zuwa fangali kowace kaka yana rage yaɗuwar ƙwari da cututtuka.

Game da lokacin hutu, ana iya ƙulla yarjejeniya da wani mai lambu na maƙwabta, a gaban dagaci ko mai unguwa, ya riƙa ban ruwa a ba shi kaso daga amfanin.

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da malaman gona da su tallafa wa ɗalibai da iri mai kyau da shawarwari.