Farantin ƙarfe a ƙarƙashin mota: Iyakar kariyarsa a hanyoyin Borno

Jami'in da aka tura aiki daga Abuja zuwa Borno yakan ɗauka ya isa da zarar jirgi ya sauka a Maiduguri, alhali a nan ne tafiyar take farawa. Ayyukan hukumomi irin su NEMA da Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa da doka a 2017, galibinsu suna can Bama da Dikwa da Monguno da Damboa da Gamboru Ngala, kuma motar da za ta kai mutum can ba ta wuce Toyota Hilux ko Land Cruiser. A ƙarƙashin da yawa daga cikin motocin nan akan ɗaura farantan ƙarfe. Direbobi suna yaba su, masu walda suna cin abinci da su, amma fasinjoji da dama suna ɗora musu amanar da ba don ita aka ƙera su ba.

Amfanin farantin a fili yake ga wanda ya taɓa leƙa cikin mota daga ƙasa. Ma'ajiyar baƙin mai tana rataye a gindin inji, bayanta giyabos, sai akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, sannan tankin mai. Dutse ɗaya ko kututture ya isa ya huda ma'ajiyar baƙin mai. Idan direba bai lura ba, cikin 'yan mintoci inji ya ƙone. A titin Abuja wannan asarar kuɗi ce kawai. A hanyar da ake bi cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, kuma ake rufe ta da yamma, motar da ta mutu tana tsayar da ayari duka a inda ba a son tsayuwa.

Yanayin ƙasar ma yana ƙara wa buƙatar ƙarfi. Daga Dikwa zuwa Ngala da Marte baƙar laka ce, wadda Kanuri ke kira firgi. Da damina takan kama taya kamar danƙo, har garin Rann yakan yanke daga sauran jihar na tsawon watanni. Da rani kuwa sawun da manyan motoci suka bari yakan bushe ya yi tauri, tudun tsakiya ya riƙa gogar cikin duk motar da ta biyo baya. Ambaliyar da ta afka wa Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, ta nuna cewa ko cikin birni ruwa na iya ɓoye ramuka da baraguzan da ke fasa cikin mota.

Ana yin farantin da baƙin ƙarfe ko da alminiyom. Na ƙarfe yakan kai kaurin milimita 3 zuwa 4, yana jure duka, kuma idan ya lanƙwashe kowane mai walda zai iya miƙar da shi, sai dai yana da nauyi kuma yana tsatsa. Alminiyom nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa ake ƙara masa kauri zuwa milimita 6 ko fiye. Ya fi tsada, gyaransa kuma yana buƙatar walda ta musamman.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen ɗaurawa. Farantin kirki da bol da noti ake kama shi a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, domin a iya kwance shi lokacin gyara. Wanda aka liƙa da walda yana raunana shasin, yana kuma hana makaniki isa ga inji. Dole a bar ƙofar juye baƙin mai, da ramukan da ruwa da laka za su zube. Dole kuma a bar wa iska hanya, domin a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, injin da aka toshe wa numfashi ba ya daɗewa. Busasshiyar ciyawa da ke taruwa tsakanin faranti da salansa na iya kama wuta, don haka wanke ƙasan mota bayan kowace tafiya wani ɓangare ne na aikin.

Babban abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani shi ne cewa wannan faranti ba sulke ba ne. Hatsarin da ya fi muni a hanyoyin Borno shi ne bam ɗin da ake binnewa a ƙasa. A watan Afrilun 2025 irinsa ya tashi da motar fasinja a hanyar Damboa zuwa Maiduguri, mutum 8 suka rasu. Kafin watan ya ƙare wani ya hallaka mutum 26 tsakanin Rann da Gamboru Ngala. Faranti mai kaurin milimita 4 ba ya tare irin wannan ƙarfi. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe yana karɓar bugun fashewar ne gaba ɗaya ya miƙa shi sama ga mutanen da ke ciki, kuma idan ya yage, gutsattsarinsa kan zama makami.

Motocin da aka ƙera domin jure nakiya dabara ce daban. Cikinsu a tsuke yake daga ƙasa kamar gindin kwalekwale, kuma an ɗaga shi nesa da ƙasa, yadda ƙarfin fashewa zai watse gefe da gefe. Afirka ta Kudu ta yi fice da wannan tsari a motar Casspir tun wajen 1980, Amurka ta bi sahu a yaƙin Iraƙi, a Najeriya kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da motar Ezugwu ta kamfanin DICON a Kaduna cikin Disambar 2019. Su ma manyan jif-jif masu sulke da ake saya wa shugabanni, waɗanda shigo da su sai da takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, yawancinsu an gina su ne domin tare harsashi da ƙananan abubuwan fashewa.

Wannan bambanci ya shafi masu rubuta takardun sayayya kai tsaye. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta a fayyace abin da ake son saye. Kalmar "kariya" kaɗai a takardar kwangila ƙofa ce da ɗan kwangila zai bi ya kawo gwangwani ya karɓi kuɗin ƙarfe. A rubuta irin ƙarfen, da kaurinsa, da sassan da zai rufe, da yadda za a ɗaura shi, sannan a sa makanikin ma'aikata ya shiga ƙarƙashin motar kafin a sa hannu. Araha dai ba ta ado.

Ga hadimin da ke tsara tafiyar maigidansa, faranti yana rage yiwuwar mota ta mutu a daji, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaura shi. Sauran tsaron yana cikin bin ƙa'ida: jiran sojoji su share hanya da safe, tafiya cikin ayari, bin sawun motar gaba, da ƙin ratse titi domin kauce wa rami. Direban da ya ce lokaci ya ƙure, a kwana a fita gobe, ya cancanci a saurare shi ko da ƙasan motarsa a rufe yake da ƙarfe.