Ko Ka Sani? Tayar Keke Saƙa Ce, Shi Ya Sa Faci Ba Ya Riƙe Gefenta

Duk mai facin da ke zaune a bakin titin Dutse zuwa Kiyawa ya san cewa ciwon taya iri biyu ne. Akwai hudar tsidau ko ƙayar aduwa, wadda ke shiga ta tsakiya inda roba take da kauri: a zaro tub, a nutsa shi a ruwa, a kankare, a shafa sholisho, a manna faci, shi ke nan. Akwai kuma yagewar gefe, inda za ka ga tub ya leƙo waje kamar ƙari. Sau da yawa maganin ta farko ake yi wa ta biyun, alhali ba abu ɗaya ne ya lalace ba.

Ido yana ganin roba, amma ƙarfin taya a zare yake. Lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya fito da tayarsa mai iska a 1888, bututun roba ya samu ya lulluɓe da yadi mai kauri a keken ɗansa mai ƙafa uku. Har yau tsarin ke nan, sai dai nailan ya maye gurbin yadin. Ana jera zaren a karkace, hawa kan hawa, wannan ya gitta wancan, sannan a naɗe bakinsa a jikin wayoyin ƙarfe biyu da ke kama wili. Aikin tub shi ne hana iska fita kawai. Ba shi da ƙarfin riƙe ta, don in ka hura shi a waje kumbura zai yi ta yi har ya fashe. Saƙar ce ke tare shi. A tayar da ta sha iska yadda ya kamata, kowane ɗan fili mai santimita 1 tsawo da faɗi yana ɗauke da turin kilo 3 zuwa 4. A tsakiyar taya akwai roba mai kauri da ke kare zaren, a gefe kuwa ɗan shafe ne kawai, don ta riƙa lanƙwasawa. Idan dutse ko robar birki ya yanke zaren nan, faci ba zai maye gurbinsa ba, saboda shi ma roba ne mai miƙewa. Zai bi tub su kumbura tare.

Gyaran da ya yi daidai da wannan tsari daga ciki ake yinsa, kamar yadda tela ke sa wa riga shafi. A yanko gefen tsohuwar taya, a cire wayar, a fere bakin yankan don kada ya ci tub, a shimfiɗa shi ya zarce yagewar ta kowane ɓangare. Iskar da kanta za ta danne shi. In yagewar ta yi baki, a fara ɗinke ta da zaren nailan. A ƙasashen Turawa wasu mahaya kan ninke takardar kuɗi su cusa, mu kuwa yankin buhun taki ko na shinkafa ya ishe mu, shi ma ai saƙa ne. Abin da bai kamata ba shi ne ɗaurin goro da ake yi wa taya da tsiron roba ta waje: ƙasa na cinye shi, kuma yana kama birki.

Wani zai ce ai an ga taya mai ɗinki ta yi watanni tana kai dabino da gero kasuwar Shuwarin, kuma sabuwa ba a banza ake ba da ita ba. Gaskiya ne, kuma ƙaramar yanka da aka yi wa shafi mai kyau takan daɗe. Amma zaren da ke maƙwabtaka da yankan shi ke ɗaukar kayan wanda ya tsinke, don haka yagewar ci gaba take yi a hankali. Irin wannan taya gara ta koma baya, domin fashewar ta gaba ita ke kayar da mutum. In kuwa zaren ya rabu da waya, babu sauran wurin da shafi zai jingina, sai canji.

Akwai kuma masu rage iska da gangan, wai kada zafin bazara ya fasa taya. Ko da zafin iskar ciki ya tashi daga digiri 25 zuwa 55, ƙarin ƙarfinta ba ya kai kashi 15 cikin 100, kuma lafiyayyar taya na jure wannan. Ƙarancin iska ne ke kashe gefe: kowane juyi sai ya lanƙwashe fiye da kima, zaren ya gogi juna, musamman in an ɗora jarkokin ruwa a kariya. Alamar ita ce layukan nan masu karkata da ke fitowa a gefen taya tun kafin ta tsage.