Linzamin Magic Mouse: daɗin shafa, wahalar riƙo

A watan Oktoban 2009 ne kamfanin Apple na Amurka ya fito da linzamin kwamfuta mai suna Magic Mouse. Ba shi da waya, ta Bluetooth yake haɗuwa da kwamfuta, kuma babu 'yar tayar nan da ake murzawa a tsakiya. Bayansa sumul yake, yana jin taɓin yatsa kamar fuskar wayar hannu. Ka shafa da yatsa ɗaya, shafi ya yi sama ko ƙasa, har ma gefe. Wannan kam abin yabo ne, musamman ga mai aikin hotuna ko faffaɗan jadawalin lissafi.

Matsalar tana wajen riƙo. Linzamin ya cika kwanciya, tafin hannu ba ya samun inda zai huta, sai dai a kama shi da 'yan yatsu. Mai babban hannu da ke wuni yana aiki yakan ji wuyan hannunsa ya gaji. Ga shi kuma yatsa na ɗan gogarsa, ko ba da niyya ba, shafi zai zame.

A 2015 aka daina sa masa batura biyu, aka koma batirin caji, amma ramin cajin a ƙarƙashinsa yake. In za a yi caji, dole a kifar da shi, aiki ya tsaya. Samfurin 2024 ma haka yake.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗi, ka riƙe shi a hannunka tukuna.