Ɗaukaka Ƙara Bayan An Hana Biza a Ostareliya

A ƙasar Ostareliya, wanda hukuma ta hana wa biza ko shaidar zama ɗan ƙasa, sau da yawa yana da haƙƙin kai kukansa gaban majalisar bitar hukunce-hukuncen gwamnati, wadda ta gaji magabaciyarta ranar 14 ga Oktoba, 2024. Mambobinta kan yi wa mas'alar nazari tun daga tushe, su saurari sababbin hujjoji, sa'an nan su tabbatar da hukuncin, ko su warware shi, ko su mayar wa hukumar ta sake dubawa.

Sai dai wa'adin kai kukan da wasiƙar ƙin ta ambata yana da tsanani ainun, domin a sha'anin biza, in ya shuɗe, babu mai ikon tsawaita shi. Wanda majalisar ta kayar kuwa, kotun tarayya ba ta sauraronsa illa bisa kuskuren shari'a.